Gargaɗi ga Iyaye: Ku Gwada Karatun Yaranku Yau

Iyaye, ku saurara. Yaronku ya kawo takardar sakamako, an rubuta ya zo na uku a aji. Kun yi murna, kun sa masa albarka. To, kun taɓa ba shi littafi ya karanta muku?

Ku ba shi yau. Littafin Hausa na aji biyu ma ya isa. Ku buɗe shafin da bai haddace ba, ku ɗora yatsa a kan layi, ku ce bismilla. Idan ya tsaya yana kallon fuskarku, idan ya shiga rera abin da ba shi ne a rubuce ba, to ku sani akwai matsala babba.

Ba yaronku kaɗai ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa cikin yaran Najeriya 'yan shekara 7 zuwa 14, kashi 27 cikin ɗari ne kacal suka iya karatu na matakin farko. Sauran fa? Da yawansu suna zuwa makaranta kullum, ana kiran sunansu a rajista, ana ciyar da su gaba duk shekara.

Wa ke duba wannan? Yaushe rabon da sufeto ya shiga ajin 'yarku ya zauna har a gama darasi? Sau da yawa ana sanar da hedimasta tun kafin a zo. A share fili, a cike rajista, a sa hannu a littafin baƙi, mota ta tashi. An ƙirga kujeru, an ƙirga kawuna, an ɗauki hoton sabon fenti. Ba wanda ya tsayar da yarinya guda ya ce ta karanta layi ɗaya. Wannan abin takaici ne ƙwarai.

Daga baya kuma a auna makaranta da yawan waɗanda suka ci kiredit biyar a WAEC ko NECO. Kun san yadda ake samun wasu kiredit ɗin. Ana karɓar kuɗin "taimako", a rubuta amsa a allo. Wanda aka yi wa haka gobe shi ne malamin jikanku. Shi ne zai karanta muku takardar magani a asibiti. Kun manta Kaduna? A 2017 an gwada malaman firamare kusan 33,000 da jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi.

Kada ku jira zango mai zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, kowane darasi na gaba zai wuce ta kansa, har ya gaji ya bar makaranta.

Ku je makarantar a wannan makon. Ku duba littafin aikin yaro, akwai jan biron malami a ciki? Ku tambayi hedimasta ranar da sufeto ya zo duba makarantar, da abin da aka gano. Ku tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Idan ba a saurare ku ba, ku haɗu ku je wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan sai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba yaranku haƙƙin karatun shekara tara kyauta. Ku nemi a riƙa gwada karatun kowane yaro, a kuma faɗa muku sakamakon gaskiya.

Don Allah kada a kwana yau ba ku gwada yaranku ba.