Wasan gem ko karatu: Yadda waya ke cinye daren ɗalibai

Ƙarfe ɗaya na dare ya gota, an ɗauke wuta, amma a ɗakunan kwanan ɗalibai hasken waya bai mutu ba. Wani ya toshe kunnuwansa yana bai wa abokan wasansa umarni a PUBG Mobile, wani yana neman ramuwar ƙwallayen da aka zura masa a eFootball. Akwai lakcar ƙarfe takwas na safe, kuma kowa ya sani. Abin da ake faɗa dai shi ne, a ƙara zagaye ɗaya.

A da, sai yaro ya je shagon gem na unguwa ya biya kuɗi kafin ya riƙe hannun PlayStation, in kuɗinsa ya ƙare ko mai shago ya kashe janareta ya koma gida. Yanzu shagon yana cikin aljihu. Wasa irin Free Fire yana tafiya ko a ƙaramar waya, ga kuma datar dare da kamfanonin sadarwa ke sayarwa da rahusa.

Yaushe wasa ke zama ciwo?

A watan Mayun 2019 ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da sabon kundin cututtuka, ICD-11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022. A ciki aka sanya jarabar wasan gem a matsayin lalura.

Hukumar ba ta ƙayyade yawan awanni ba. Alamu uku ta zayyana: mutum ya kasa sarrafa lokacin farawa da na tsayawa; wasan ya sha gaban sauran harkokin rayuwarsa; sannan ya ci gaba da yi duk da yana ganin ɓarnar. Sai abin ya illata karatu ko aiki ko zaman iyali, kuma yawanci ya ɗauki aƙalla wata 12, kafin likita ya kira shi lalura. Hukumar ta ce kaso kaɗan ne na masu wasan ke kaiwa wannan matakin.

Ke nan ɗalibin da ya kwashe yammacin Asabar yana buga gem bayan ya gama aikin makaranta ba shi da matsala. Wanda ya kamata a duba shi ne mai ɓoye wa iyayensa, mai sayen data da kuɗin abinci, mai hasala idan an ce ya ajiye waya.

Me ya sa ajiyewa ke da wuya?

An ƙera wasannin ne domin a riƙa dawowa. A PUBG mutum 100 ake jefawa fili guda, wanda ya rage shi ne gwani, kuma zagaye ɗaya kan kai kusan rabin awa. Tunda da mutane ake fafatawa ta intanet, babu damar dakatarwa. Wanda ya fita a tsakiya ya bar abokansa cikin wuta. Akwai kyautar da ake bai wa duk wanda ya leƙa kullum, akwai matsayin da ake rage wa kowa a ƙarshen kowane zango domin a sake hawa.

Wasu wasannin kuma suna sayar da akwatin sa'a, wanda mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya biya. A 2018 hukumomin Beljiyam suka ce irin wannan caca ce.

Barci ne ke fara biyan bashin. Masana na ba da shawarar matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 ya samu awa 8 zuwa 10 a kowane dare, domin a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Mai shirin JAMB ko WAEC da ya kwanta ƙarfe uku ya yi asara biyu: bai yi bita ba, kuma wanda ya karanta jiya bai zauna ba.

Doka ko tarbiyya?

Wasu ƙasashe sun gwada ƙarfin doka. A Agustan 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga takwas zuwa tara na dare, a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da na hutu. Koriya ta Kudu kuwa tun 2011 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 wasa daga sha biyun dare zuwa shida na safe, amma bayan shekara goma ta soke dokar. Yara sun riƙa shiga da sunan iyayensu, sannan dokar ba ta taɓa wasannin waya ba. Yanzu iyaye da 'ya'yansu ne ke tsara lokacin.

Wasan kansa ba abin banza ba ne. A gasar wasannin nahiyar Asiya da aka yi a Hangzhou a 2023, har lambobin yabo aka raba a kansa. Sai dai waɗanda ke cin abinci da shi ba su taka kara sun karya ba, idan aka kwatanta da miliyoyin da ke bugawa.

Abin da ke hannun ɗalibi mai sauƙi ne. Ya sa karatu gaba, wasa ya zama tukuici. Ya ƙayyade yawan zagaye tun kafin ya fara. Ya kashe sanarwar wasan, ya sa waya caji nesa da shimfiɗa. Wayoyin Android suna da Digital Wellbeing, iPhone kuma Screen Time, waɗanda ke rufe manhaja idan lokacin da aka ware ya cika. A makon jarrabawa, goge wasan gaba ɗaya ya fi alƙawarin da ba za a cika ba.

Su ma iyaye, ƙwace waya cikin faɗa ba ya cika magance komai. Sau da yawa yaron da ya nutse a gem yana gudun wani abu ne: kaɗaici, ko darasin da ya gagare shi, ko damuwar gida. Idan abin ya kai ga daina zuwa aji ko ƙaurace wa mutane, ganin likitan ƙwaƙwalwa ba abin kunya ba ne.

A gem, wanda aka kayar yana danna maɓalli ya sake sabon zagaye nan take. Wanda ya faɗi JAMB kuwa sai ya jira baɗi.