Ana Ɗokin Sabuwar Manhajar Waya, Amma Wayar Wa Za Ta Samu?

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, sai mu ga samarin malamai da akawuna sun duƙufa kan labarin sabon abin da kamfanonin Amurka za su zuba a wayoyin hannu. Kamfanin Apple ya saba nuna sabon aikinsa cikin watan Yuni, ya bar shi a hannun masu gwaji, sa'an nan ya sake shi ga kowa cikin watan Satumba. Google, mai Android, shi ma ya kan fitar da nasa shekara shekara. Tsakanin nunawa da sakewa kuwa ba irin maganar da ba a ji. Wani na murna, wani na tsaki, wani ya zauna ya jera bukatunsa kamar mai ba da saƙon kasuwa. Kafin a gama da na bana har an soma raɗe-raɗin na baɗi. Mun ga ya kamata mu dubi al'amarin nan a tsanake, domin ya taɓa aljihun masu karanta jaridar nan fiye da yadda su ke zato.

Malaman makaranta sun daɗe da sanin kalmar manhaja, watau tsarin da ke faɗa wa malami abin da zai koyar da lokacin da zai koyar da shi. Da wayoyin zamani suka zo sai Hausawa suka ari kalmar, kuma aron ya yi daidai. Ƙarfe da gilashi ba su san kome ba, sai abin da aka tsara musu. Akwai ƙananan manhajoji, irin su WhatsApp da na banki, akwai kuma babbar manhaja wadda dukansu ke zaune a kanta. Ta wayoyin iPhone sunanta iOS, ta galibin sauran wayoyi kuwa Android. Ita babbar ce a ke ta ɗokin sabuntawarta.

Abin da ya faru a 1925 ba mu da labarinsa a wannan fage, amma na 2025 ya ishe mu misali. Ran 9 ga Yuni na shekarar Apple ya nuna iOS 26. Wadda ta gabace ta iOS 18 ce, aka yi tsalle domin lambar ta bi lissafin shekara. Babban abin da aka canja shi ne kamannin fuskar waya. Aka mai da maɓallai da allunan rubutu kamar gilashi mai gudana, ana hangen abin da ke bayansu, aka sa wa abin suna Liquid Glass. Ranar nuni mutane suka yi ta yabo. Da ya shiga hannun masu gwaji kuwa sai kuka ya tashi, cewa rubutu na ɓacewa cikin hoton da ke bayansa, mai raunin ido ba ya iya karanta saƙo sai ya ƙura. Kamfani ya ƙara wa gilashin duhu cikin watan Yuli. Nan take waɗansu suka ce an ɓata musu abin da suka so, aka sake mayar da wani sashe na hasken. A haka aka sake ta ga jama'a ran 15 ga Satumba, gardama ba ta mutu ba, har sai da aka fitar da iOS 26.1 cikin Nuwamba, wadda ta bar kowa ya zaɓa, ko garau ko mai duhu. Tsofaffin masu iPhone sun tuna an yi irin wannan a 2013, lokacin iOS 7, da waɗansu suka ce motsin hotunan na sa su jiri, sai da aka gyara hanyar rage shi.

Mu dai a ganinmu masu kukan sun fi masu yabon gaskiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan aji ya duba allon da aka goge da tsumma mai ƙura ya san kyan rubutu ba ya amfani in ba ya karantuwa. Kuma labarin ya nuna ƙorafin jama'a ya kan yi aiki, muddin an yi shi da yawa kuma a kan lokaci.

Sai dai ba kowane buri ne ke cika ba. A Yuni 2024 Apple ya yi alkawarin cewa Siri, muryar nan da a ke yi wa magana cikin iPhone, za ta san abin da ke cikin saƙonnin mutum da ajandarsa, ta yi masa hidima kamar magatakarda. Mutane suka sayi sababbin wayoyi da wannan zato. Da Maris 2025 ta yi sai kamfani ya fito ya ce aikin zai ɗauki lokaci fiye da yadda ya tsammata. Akwai ma wanda ya fi wannan zafi. A Disamba 2017 Apple ya amsa cewa wata sabuntawa da ya aika a farkon shekarar tana rage saurin iPhone masu tsohon batir, wai don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya. Dalilin ba laifi, laifin shi ne ba a gaya wa masu wayoyin ba, har waɗansu suka sayi sabuwa alhali canjin batir kaɗai zai wadatar. Hukumar kula da ciniki ta Faransa ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25 a Fabrairu 2020, a Amurka kuma ya yarda ya biya diyyar da za ta iya kai Dala miliyan 500. Tun daga nan in ka ji mutum ya ce shi ba ya taɓa maɓallin sabuntawa don kada wayarsa ta yi nauyi, to ba daga sama ya tsinci tsoron ba.

To, amma duk wannan hayaniya ta masu waya mai tsada ce. In aka shiga ɗakin malamai a kowace makaranta a ƙasar Hausa aka ce kowa ya ajiye wayarsa bisa tebur, abin da za a fi gani shi ne Tecno da Infinix da itel, dukansu na kamfani ɗaya ne mai suna Transsion da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda shi ne kan gaba a cinikin waya a Afirka. Sai kuma ƙananan Samsung. Duka Android ke cikinsu, kuma tafiyar Android daban ta ke da ta iOS. Apple shi ke ƙera wayarsa shi ke rubuta manhajarta, sabo da haka ran da ya sake ta, ran nan kowa zai samu. Google kuwa in ya gama rubutu sai ya miƙa wa masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm da MediaTek da Unisoc, su daidaita ta da kayansu. Daga nan ta wuce wurin mai sunan wayar, shi ma ya ɗinka mata tasa rigar. Ta Samsung ana ce da ita One UI, ta Tecno HiOS, ta Infinix XOS. Akawun da ya san yadda takarda ke bin tebur tebur kafin ta kai ga mai sa hannu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A kowane tebur ana kashe kuɗi, kuma wayar da aka sayar da araha ba ta bar ribar da za ta biya ma'aikata su yi ta bin ta shekara da shekaru ba.

Ko manya ma ba su tsira daga jinkirin ba. Android 15 ta isa wayoyin Pixel na Google a Oktoba 2024, amma masu Galaxy S24, wayar Samsung mai tsadar gaske, sai Afrilu 2025 suka soma ganinta, aka ma dakatar da rabon na 'yan kwanaki sabo da wata matsala. Kafin waɗansu su gama murnar samunta, Android 16 ta fito ran 10 ga Yuni 2025. Wayoyi masu araha kuwa da yawansu sau ɗaya ko biyu su ke samun babbar sabuntawa, waɗansu ma da wadda aka sayo su da ita za su tsufa. Sai ka ga saurayi ya kwana yana karanta labarin manhajar da ba za ta taɓa shiga wayarsa ba.

Da a ce kwalliya kaɗai a ke rasawa, da ba mu ɓata tawada ba. Sabuntawa iri biyu ce. Akwai babba mai canja kamanni, akwai kuma ƙarama wadda ba wanda ke ɗokinta, watau facin tsaro. Manhaja aikin ɗan Adam ce, ba ta rasa huji, ɓarayin zamani kuwa hujin su ke nema. A Yuli 2015 wani masani mai suna Joshua Drake ya bayyana wani huji a Android, aka sa masa suna Stagefright, wanda ta cikinsa za a iya shiga wayar mutum da saƙon hoto ko na bidiyo kawai. An ƙiyasta wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa. Wannan ne ya tilasta wa Google soma fitar da faci kowane wata tun daga Agusta na shekarar. Amma facin ma tebur teburin nan ya ke bi, in mai wayar ya daina aikowa, shi ke nan, hujin na nan a buɗe.

Yanzu kuwa waya ta zama asusu. Albashin malami ta nan ya ke ganin shigarsa, ta nan ya ke biyan mai shago da kuɗin makarantar yara. Wanda bai yarda da haka ba a da, ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya koya masa. Ƙananan manhajojin su ma ba sa jiran wanda aka bari a baya. A Oktoba 2023 WhatsApp ta daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu ba ta kai 5.0 ba, a 2025 kuma ta bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Wayar na nan lafiya lau, gilashinta bai tsage ba, amma labarin taron malamai ya daina isowa.

In mun saurari abin da malamai da akawuna ke fata, ba mu cika jin zancen gilashi mai gudana ba. Suna so batir ya kai su dare a garin da wuta ke zuwa ta ga dama. Suna so sabuntawar ta rage girma, domin babba ta kan ci gigabayit da dama, ga tsadar data, ga rumbun wayar cike da hotunan biki. Suna so ƙ da ɗ da ɓ su fito sosai a ko'ina, ko da ya ke allon rubutu na Gboard ya riga ya kawo su, ragowar laifin na masu kasalar nemansu ne. Fiye da kome kuwa suna so a yi maganin masu ƙwacen waya, wanda mutanen Kano ba sa bukatar a ba su labarinsa. A nan an sami abin kirki. A Mayu 2024 Google ya sanar da wata dabara da ke sa waya ta kulle kanta in ta ji motsi irin na fizga da gudu. A Burazil aka fara gwada ta, inda su ma suke fama da wannan annoba. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne ba ta bi ta hannun masu ƙera waya ba. Kai tsaye Google ya aika da ita ta hanyar hidimominsa na Google Play zuwa wayoyi masu Android 10 zuwa sama. Tun 2017 kamfanin ke ƙoƙarin rarraba Android gunduwa gunduwa domin ya riƙa gyara waɗansu sassa ba tare da jiran kowa ba. Mai waya dai shi zai shiga wurin saiti ya kunna ta, kuma mun lura da yawa ba su san tana nan ba.

Kamfanoni kuma sun soma gasar yawan shekaru. A Oktoba 2023 Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin sabuntawa ta shekara 7, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a Janairu 2024. Wanda ya fi kusa da aljihun malami shi ne Galaxy A16, da ta fito a ƙarshen 2024 da alkawarin shekara 6. Ƙasashen Tarayyar Turai ba su tsaya ga alherin kamfani ba. Daga 20 ga Yuni 2025 dokarsu ta ce wayar da za a sayar a can sai batirinta ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, a ajiye kayan gyaranta shekara 7, a kuma ci gaba da samar da sabuntawarta shekara 5 bayan an daina sayar da irinta. Ba mu ga abin da zai hana hukumominmu na kare masu saye su nemi ko da rabin wannan ba, ko kuwa aƙalla a tilasta rubuta yawan shekarun a jikin kwali da manyan baƙaƙe.

Kafin a kai ga haka, wanda ya shiga kasuwar Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikko da albashin wata biyu a aljihu, bayan ya tambayi girman rumbu da ƙarfin kyamara, sai ya ƙara da tambayar shekara nawa mai wayar ya yi alkawarin aiko mata da faci, kuma daga wace shekara a ke ƙirgawa. Daga shekarar da wayar ta fito a ke ƙirgawa, ranar saye ba ta shiga lissafi. In ta hannu ce, a buɗe wurin saiti a gaban mai sayarwa, a duba bayanin waya, akwai kwanan watan facin da ta samu na ƙarshe a rubuce. Masu son iPhone ta hannu kuma su sani cewa XR da XS, waɗanda suka fito a 2018 suka kuma cika kasuwanninmu, ba sa cikin waɗanda aka ba iOS 26. Daga iPhone 11 aka fara.