3.4 Na'urar Intanet ta Aljihu da Matafiyan Unguwar Koki

Koki tana daga cikin tsofaffin unguwannin da ke cikin ganuwar birnin Kano, kuma an daɗe da saninta da fatauci. A nan Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya kafa gidansa bayan ya yi shekaru yana safarar goro daga ƙasar da ake kira Gana a yau. A wancan zamani falke yakan yi watanni a kan hanya ba tare da ya ji labarin gida ko farashin kaya ba. 'Yan kasuwar yanzu kuwa, masu zuwa Legas da Maraɗi da Dubai da Guangzhou ta ƙasar Sin, ba sa iya jure yini guda babu labari, domin ciniki da tura kuɗi duk sun koma kan waya. Wannan sashe zai yi bayani a kan na'urar da wasunsu ke riƙewa saboda wannan buƙata.

Na'urar, wadda aka fi sani da MiFi, ta fara fitowa a Amurka a 2009. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. A cikinta akwai batir da gurbin layin waya. Aikinta shi ne ta jawo sabis daga turken kamfanin sadarwa mafi kusa, sannan ta rarraba shi ta hanyar waifai ga wayoyi da kwamfutocin da ke kewaye da ita, matuƙar an ba su lambar sirri. Ta haka maigida da yaransa za su iya amfani da data guda a mota ko a masauki.

Abin lura a nan shi ne, na'urar ba ta ƙirƙirar sabis da kanta, aro take yi. Inda babu turke, ko aka kashe shi, ba ta da wani amfani. An ga haka a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda matsalar tsaro. Duk matafiyin da ya ratsa yankin sai da ya fita daga cikinsa kafin ya sami magana da gida.

Bugu da ƙari, akwai matsalar ƙetare iyaka, wadda ta fi shafar fatake. Yawancin na'urorin da kamfanoni irin su MTN da Airtel ke sayarwa a kulle suke, wato ba sa karɓar layin wani kamfani. Idan mutum ya wuce Jibiya ya shiga Nijar, ko dai ya ci gaba da layinsa na gida a kan farashi mai tsada, ko kuma ya sayi layin can, wanda na'urar za ta ƙi. Shi ya sa wasu ke kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a buɗe musu ita kafin tafiya. A Sin kuwa lamarin ya sha bamban. Hukuma ta toshe WhatsApp tun 2017, saboda haka layin can ba ya buɗe shi, alhali layin da aka zo da shi daga waje yakan buɗe, domin bayanansa ta kamfaninsa na asali suke bi. A irin wannan tafiya, tsadar layin gida takan zama abin da ɗan kasuwa zai haƙura da shi idan yana son abokan cinikinsa na Kantin Kwari su ga hoton kaya kafin ya biya.