Wa Zai Riƙe Ɗan Kasuwa Ran Tsufa?

Kawuna ya shekara talatin yana auna atamfa a kasuwar Marché Central ta Douala. Yau idanunsa sun yi rauni, yana zaune a ƙofar gida a unguwar New Bell, carbi a hannu, yana jiran abin da 'ya'ya za su aiko. Adashi ya yi ta zubawa, amma kowace kwasa sai ta koma jari ko biki.

Binciken hukumar ƙididdiga ta Kamaru na 2010 ya nuna kusan ma'aikata tara cikin goma ba sa aikin albashi mai rajista. Galibinsu ba su da fansho.

Tun 2014 asusun fansho na ƙasar, CNPS, ya buɗe ƙofa ga masu sana'ar kansu. Mutum zai bayyana abin da yake samu a wata, ya riƙa biyan kashi 8.4 cikin ɗari. Idan ya kai shekara 60, ya cika sharuɗɗa, ciki har da biyan wata 180, sai ya fara karɓar fansho.

Rannan kawu ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, je ka yi rajista tun da sauran ƙarfinka." Na je.