Yadda Dawa Ke Sanin Lokacin Fitar da Kai: Nazari Daga Gonakin Funtuwa da Malumfashi

Manoman dawa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi sun daɗe da lura da wani abu. Mutum biyu za su shuka kaura ko farafara, ɗaya da ruwan farko, ɗaya bayan wata guda, amma idan damina ta zo ja da baya, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai gonakin biyu su fitar da kai kusan tare. Tazarar wata ta koma ta 'yan kwanaki. Bambancin da za a gani shi ne ta baya ba ta kai ta farko tsawon kara da yawan ganye ba. Wannan maƙala za ta bayyana abin da ilimin tsirrai ya gano game da wannan ɗabi'a, da dalilin da ya sa ta shafi rumbun manomi.

A shekarar 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa wasu tsirrai, irin su taba da waken suya, tsawon yini ne ke sa su yi fure. Daga baya aka gane cewa abin da tsiron ke aunawa a haƙiƙa shi ne tsawon dare, domin idan aka haska masa fitila na ɗan lokaci a tsakar dare sai furen ya jinkirta. A ganye ake wannan awo. Akwai wani sinadari a cikinsa, fitokurom, wanda ke sauya siffa tsakanin haske da duhu, yana aiki tare da wani agogo na cikin tsiron mai zagayen sa'a 24. Idan duhu ya kai gwargwadon da irin yake buƙata, ganye kan ƙera wani furotin ya aika da shi zuwa tohon da ke can cikin ƙoƙon kara. Da isarsa sai tohon ya daina yin ganye ya fara gina zangarniya. Tun 1936 masanin Rasha Chailakhyan ya yi hasashen wannan saƙo, amma sai a 2007 aka tabbatar da furotin ɗin. A dawa kuwa, a 2011 aka gano cewa ƙwayar gado mai suna PRR37 na cikin manyan masu danne wannan saƙo muddin yini na da tsawo.

Abin mamakin shi ne ƙanƙantar abin da ake aunawa. Funtuwa na kusa da digiri 11 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, inda bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai sa'a ɗaya da rabi ba a duk shekara. Ke nan a lokacin marka, sa'ad da dawa ke yanke shawarar ɗaukar ciki, daren bai ƙaru da fiye da 'yan mintuna ba. Mutum ba zai ankara ba; dawa ta ankara.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na D. L. Curtis, wanda ya yi aiki a Samaru ta Zariya, ya kuma wallafa sakamakonsa a 1968. Ya nuna cewa kowane irin dawa na gargajiya a Nijeriya yana fitar da kai ne daidai da lokacin ɗaukewar ruwa a ƙasar da aka saba noma shi. Babu wata cibiya da ta tsara haka. Manoma ne, kaka da kakanni, suke ware zangarniyar da ta fi kyau su ajiye iri, har agogon irin ya daidaita da daminar garinsu. A nan manazarcin al'ada zai ga dalilin da ya sa manomi ke bin lissafin taurari 28, irin su Ɗarfa da Sarfa, ba watannin hijira ba: lissafin taurari na tafiya da shekarar rana, wadda ita ce shukar ke bi. Haka nan rabewar da Bahaushe ya yi tsakanin gero da maiwa ta zo daidai da ta masana, domin gero kwanakinsa yake ƙirgawa, maiwa kuwa dare take jira.

Amfanin wannan daidaito ya fi fitowa ta fuskar cuta. Dawar da ta yi bununi ana tsakiyar ruwa, ƙwayarta kan nuna cikin laima, sai fumfuna ta kama ta, ta yi baƙi, tuwonta ya ɓaci, ba ta kuma yin iri mai kyau. Wadda ta makara kuma ruwa ya tafi ya bar ta, ƙwaya ba ta cika ba. Sannan idan gonakin karkara guda suka yi bununi tare, ƙwaron da ke yin ƙwai a furen dawa ba ya samun damar hayayyafa daga wannan gona zuwa waccan, ɓarnar tsuntsu ma takan rarrabu. Don haka ba duk kariya ce ke cikin jinin shuka ba; wata kauce wa lokacin cutar ce kurum.

Bayan farin shekarun 1970 hankalin masu kyautata iri ya karkata ga dawa mai saurin nuna, wadda ba ta damu da tsawon dare ba. A ƙasar Daura da arewacin Katsina, inda damina ke da gajarta, wannan dabara ce mai kyau. A kudancin jihar kuwa, inda ruwa ke kaiwa Oktoba, irin wannan dawa sai an jinkirta shukarta, in ba haka ba ta nuna cikin ruwa. Ga shi kuma gajeren kararta ba ya biyan buƙatar danni da abincin dabba.

A ganina haɗarin da ya fi girma yanzu ba daga ɗakin bincike yake ba. Rashin tsaro ya raba manoma da dama na Faskari da Sabuwa da Ɗandume da gonakinsu, kuma wanda ya bar rumbunsa ya bar irinsa. In ya samu komawa, a kasuwa zai auni dawar shuka, ba tare da sanin ko daga Sakkwato ta fito ko daga kudancin Kaduna ba. A mudu duk ɗaya suke, sai watan Satumba ne zai san wadda ya saya.