Doki a Littafi Mai Tsarki: Alamar Ƙarfin da Ba a Dogara da Shi

Duk wanda ya bi Littafi Mai Tsarki na Kirista daga farko zuwa ƙarshe yana neman doki, da wuya ya tarar da shi a gona ko a hanyar kasuwa. Jaki ke ɗaukar kaya, shanu ke huɗa, raƙumi ke ratsa hamada. Doki kuwa, kusan duk inda ya ɓullo, ƙarar karusa da ƙurar yaƙi na biye da shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Isra'ilawan farko mazauna tuddai ne, makiyaya da ƙananan manoma, karusa kuwa fili take so. Masu dawaki su ne manyan dauloli irin Masar da Assuriya, da sarakunan Kan'ana na kwari. Saboda haka a idon Ba'isra'ile doki makamin abokin gaba ne. Littafin Fitowa ya ce Fir'auna ya bi sawun mutanen Musa da zaɓaɓɓun karusai 600, ban da sauran karusan Masar, ruwa ya haɗiye su, doki da mahayi. Daga nan ma'anar ta kafu: doki shi ne iyakar ƙarfin ɗan Adam, kuma wannan ƙarfin na iya nutsewa cikin dare ɗaya.

Shi ya sa littafin Maimaitawar Shari'a, a sura ta 17, ya gindaya wa duk sarkin da za a naɗa sharaɗin kada ya tara dawaki, kada kuma ya mayar da jama'a Masar neman su. Joshuwa da ya ci rundunar Yabin sarkin Hazor, bai kwashe dawakin ganima zuwa barga ba; yanke musu agara ya yi, ya cinna wa karusan wuta. Dawuda ma haka ya yi da dawakin sarki Hadadezer, ya bar na karusa 100 kawai. Ga Bahaushe, wanda ya san darajar ingarma a ƙofar fada, wannan sai ya yi kama da ɓarnar dukiya. Amma manufar ita ce kada ranar tsanani ta zo sarki ya duba bargarsa kafin ya tuna da Allah.

Sulemanu ne ya tsallake wannan iyaka. Littafin Sarakuna na Ɗaya ya lissafa masa karusai 1,400 da mahaya 12,000, har da farashi: karusa daga Masar shekel 600 na azurfa, doki shekel 150, 'yan kasuwarsa kuma suna sayar wa sarakunan Hittiyawa da na Suriya. Marubucin bai fito fili ya zarge shi a wurin ba. Ya dai jera dawakin da zinariyar, sannan sura ta gaba ta buɗe da matansa masu yawa da karkatar zuciyarsa, wato abubuwa ukun nan da shari'a ta hana sarki tarawa. Mai karatu mai lura ba ya bukatar a ƙara masa bayani. Sarakunan da suka biyo baya ma ba su saki layin ba, don wani rubutun dutse na Shalmanesar na Uku, sarkin Assuriya, ya ce Ahab, sarkin Isra'ila, ya kawo karusai 2,000 yaƙin Ƙarƙar a shekara ta 853 kafin haihuwar Almasihu. Annabi Ishaya ya yi tir da masu gangarawa Masar neman taimakon dawaki, Zabura kuma ta sha nanata cewa ƙarfin doki ba ya ceton kowa.

Kada a ɗauka dabbar ce aka tsana. A sura ta 39 ta littafin Ayuba an yi wa dokin yaƙi kirarin da ko maroƙi zai yi sha'awa: yana tonon ƙasa da kofato, yana haniniya in ya ji ƙaho, yana sansano yaƙi tun daga nesa, takobi ba ya sa shi ja da baya. Sai dai mai maganar Allah ne, tambayar da yake wa Ayuba kuwa ita ce wa ya ba dokin wannan ƙarfi. Haka dawakin wuta da suka raba Iliya da Elisha, da waɗanda baran Elisha ya gani sun cika dutse a Dotan. In doki na rundunar sama ne, babu zargi a kansa.

Annabi Zakariya ya ga dawaki masu launi daban-daban suna kai da kawowa a duniya kamar 'yan leƙen asirin sarki. Shi ne kuma ya yi albishir da sarkin da zai shigo Urushalima a kan ɗan jaki, ya kawar da karusa da dokin yaƙi. A wancan zamani hawan jaki ko alfadari ba ƙasƙanci ba ne. A kan alfadarin Dawuda aka kai Sulemanu wurin naɗi. Linjila ta ce Yesu ya shiga Urushalima a kan jaki, jama'a na shimfiɗa tufafi da rassan itatuwa a hanya, Matiyu da Yahaya kuma suka danganta wannan da annabcin Zakariya. A garin da ke ƙarƙashin sojan Roma, ba a bukatar tafinta don gane saƙon.

Inda doki ya fi shahara shi ne Wahayin Yahaya, littafin ƙarshe, wanda ya ce an ga wahayinsa a tsibirin Batmusa, yawancin masana kuma suna sa rubuta shi wajen shekara ta 95. A sura ta 6, Ɗan Rago, wato Almasihu, yana buɗe hatimai, dawaki huɗu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Fari ne a gaba, mahayinsa riƙe da baka, an ba shi kambi. Sai ja, mai babban takobi, wanda ke ɗauke salama daga duniya. Sai baƙi, mahayinsa riƙe da ma'auni, wata murya na shelar farashi: awo ɗaya na alkama dinari guda, awo uku na sha'ir dinari guda. Dinari ladan yini ne na lebura, wato mutum ya wuni yana aiki ya samu abin da zai ci shi kaɗai, in yana da iyali sai ya koma wa sha'ir, abincin talaka. Mai da ruwan inabi kuwa aka ce kada a taɓa su. Na huɗu mai launin gawa ne, sunan mahayinsa Mutuwa, Hades, wato mazaunin matattu, na bin sa, an ba su iko kan kashi ɗaya cikin huɗu na duniya.

Mahayin farin dokin nan ya daɗe yana raba kan malamai. Ireniyus, a ƙarni na 2, ya ɗauke shi Almasihu ne. Wasu suka ce mamaya ce, suna nuni da Fartiyawa, maharba a kan dawaki da Roma ke tsoro. Wasu suka ce maƙaryacin almasihu ne. A ganina jerin da kansa ya fi goyon bayan mamaya, don haka abin yake tafiya: a kai hari, jini ya zuba, gonaki su mutu, yunwa da annoba su ƙarasa. Masu gaggawar liƙa wa kowane doki sunan wata ƙasa ko wani shugaba na yau sun manta cewa kowane ƙarni ya yi irin wannan lissafi, bai kuma fita ba. Farin dokin da babu gardama a kansa yana sura ta 19, inda mahayin, wato Almasihu, ke da rawuna masu yawa, takobinsa kuma daga bakinsa yake fitowa, ba daga kube ba.

Alamar ta yi ƙarfi har ta shiga inda nassi bai sa ta ba. Masu zanen Turai, ciki har da Karabajiyo na Italiya wajen 1601, sun nuna Manzo Bulus ya faɗo daga doki a hanyar Dimashƙu, don a tunaninsu mai girman kai daga sirdi yake faɗowa. Ayyukan Manzanni ya ba da labarin sau uku, a sura ta 9 da 22 da 26, kuma ko sau ɗaya bai ambaci doki ba. Mai shakka ya buɗe ya duba.