Ƙwayar da Ke Juya Jinin Dabba: Abin da Makiyayan Kura da Bunkure Ya Kamata Su Sani

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya mai da Kura da Bunkure yankin da ake noma rani da damina. Ba shinkafa da alkama da tumatir kaɗai suka amfana ba. Bayan girbi shanun Bunaji suna shiga gonaki, gidaje da yawa kuma suna turke raguna saboda Babbar Sallah. Duk da haka sai ka ji makiyayi yana kukan saniyarsa ta daɗe ba ta nemi barbara ba, ko ragonsa yana ci amma ba ya ƙiba.

Amsar tana cikin kan dabbar. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar ƙwaya mai suna fituwitari, wadda ke zuba sinadaran homon cikin jini. Aikinta kamar na ƙofofin babbar hanyar ruwan Tiga ne: ita ke buɗewa da rufewa gwargwadon buƙata. Wani homon nata yana gina tsoka da ƙashi, yana sa a narka kitse. Wani yana umartar ƙwayar maƙogwaro ta daidaita saurin ƙona abinci. Wani yana tayar da ƙwayoyin da ke kan ƙoda su saki kotisol, mai ƙara sukari a jini lokacin wahala. A zafin bazara kuwa, wani ne ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu.

Wani masani ɗan Ajantina, Bernardo Houssay, ya nuna ƙarfin wannan ƙwaya. Ya gano cewa karnukan da aka cire wa ƙwayar fankiriyas suka kamu da ciwon sukari suna samun sauƙi idan aka cire musu fituwitari. Wannan bincike ya kai shi ga lambar Nobel a 1947.

To, ina ruwan makiyayi da wannan? Karan shinkafa yana cika tumbi, amma furotin ɗinsa kaɗan ne. Saniyar da ta dogara da shi kaɗai, jikinta zai fara cin kitsensa, ƙwaƙwalwa kuma ta rage homon da ke sa ƙwan haihuwa ya nuna. Sai barbara ta yi jinkiri, nono ya ja baya. Harawa da dusa da angurya da ruwa wadatacce da inuwa su ne ke mai da wannan tsari kan hanya.

Babban abin damuwa shi ne allura ba bisa ƙa'ida ba. Dexamethasone yana kwaikwayon kotisol, sai fituwitari ta ɗauka an ƙoshi, ta daina ba da nata umarnin. Yawan amfani da shi yana ɗaga sukarin jini, yana zaizaye tsoka, yana raunana garkuwar jiki, yana iya sa dabba mai tsohon ciki ta yi ɓari. Oksitosin kuma, mai taimaka wa naƙuda da sakin nono, yana iya fasa mahaifa idan aka yi shi ɗan bai kwanta daidai ba.

Dabba dukiya ce, kuma amana ce. Kafin a tsira mata allura a nemi likitan dabbobi, kuɗin da za a kashe a kan maganin ƙiba kuwa gara a sayi harawa da shi.